Abin da fale-falen tsoffin murahu ke bayyanawa game da biranen Turai

Daga cikin kayan da masu binciken tarihi suka fi tonowa a tsoffin biranen Jamus da na gaɓar tekun Baltik akwai gutsattsarin fale-falen yumɓu masu ɗauke da zane. Da su ake gina murhun ɗumama ɗaki, wanda Jamusawa ke kira Kachelofen. Akan hura wutarsa ne daga wani ɗaki na daban, saboda haka mazauna falo kan sami ɗumi ba tare da hayaƙi ba.

Da farko dai fale-falen tamkar ƙananan tukwane suke, babu wani ado. Daga ƙarni na 14 aka fara danna yumɓun a cikin mazubi domin zane ya fito, sannan a shafe shi da sinadarin dalma mai ƙyalli, galibi kore.

A ƙarni na 16, wato zamanin farfaɗo da ilmi da fasaha, magina sun koma kwaikwayon hotunan da ake bugawa a takarda, irin na Albrecht Dürer da Lucas Cranach. Sai aka shiga ganin ganyaye da ginshiƙai, da labaran Littafin Baibul, da kuma fuskokin sarakuna.

Bayan da Martin Luther ya ƙalubalanci cocin Katolika a 1517, hotonsa da na sarakunan da suka mara masa baya sun bayyana a jikin murahu. Ke nan murhu kan iya nuna ɓangaren da mai gida yake goyon baya. Shahararren misali shi ne murhun zauren Artus da ke birnin Gdansk na ƙasar Poland, wanda aka kammala a 1546. Tsayinsa ya haura mita 10, kuma fale-falensa 520 sun haɗa da hotunan sarakunan Katolika da na Furotesta.

Yawancin gutsattsarin ana samun su ne a tsoffin masai da juji, inda aka zubar da su bayan an rushe murhun. Suna taimakawa wajen gano wadatar gida da hanyoyin ciniki. Alal misali, an tono fale-fale masu ɗauke da sunan Hans Berman da shekarar 1562 a ƙasashe da dama.

Sai dai masana na jan hankali cewa ana sayar da mazuban, ana kuma kwafarsu shekara da shekaru. Don haka zane shi kaɗai bai isa ya tabbatar da aƙidar mai gida ba, ko shekarar da aka gina murhun.