Daga Mai Shela Zuwa Saƙon Waya: Yadda Labari Ke Isa ga Manoman Funtua da Malumfashi

A ƙasar noma irin ta kudancin Katsina, labarin da ya makara asara ne. Idan farashin auduga ya canza, ko aka sa ranar buɗe fuloti, ko taki ya iso, wanda ya riga ji shi ke cin riba. Shi ya sa tarihin noman Funtua da Malumfashi yake tafiya tare da tarihin masu sanar da mutane cewa wani abu ya canza.

A da, labari yana da hanyarsa sananniya. Umarni ya fito daga fadar Katsina, ya sauka wurin hakimi: Sarkin Maska a Funtua, Galadiman Katsina a Malumfashi. Hakimi ya aika wa dagatai, su kuma su kira masu unguwanni. Daga nan sai mai shela ya fita, yawanci da yamma bayan an dawo daga gona, ko ranar kasuwa, ya ɗaga murya ya fara da "Sarki ya gaishe ku". Ƙarfin wannan tsari shi ne mai unguwa ya san kowane gida. Ya san wanda ya yi tafiya, ya san wanda rugarsa ke nesa, don haka akan tura yaro musamman domin kada a bar kowa a baya.

Auduga ce ta ƙara wa masu shela aiki. Kamfanin Turawan Ingila, BCGA, ya kafa injinan gurzar auduga a Funtua da Malumfashi, kuma a ƙarshen shekarun 1920 layin dogo daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya ratsa ta Funtua. Sai noma ya samu kalanda ta hukuma: ranar rabon iri, ranar fara awo, farashin lamba ɗaya da na lamba biyu, da lokacin da dole a tuge karan auduga a ƙone saboda tsutsa. Duk waɗannan ta bakin mai shela suke isa ƙauye.

Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a 1939, mai karatu ɗaya ya karanta wa mutanen dandali duka. Majigi ya zagaya garuruwa da dare. A 1962 aka buɗe gidan rediyon Kaduna, akwatin rediyo ya bi manomi har bakin kunya. Murya ta yi nisan da mai shela bai taɓa kaiwa ba, amma rediyo ba ya sanin wanda ya ji da wanda bai ji ba.

Wannan giɓi aka so a cike lokacin da aka fara aikin bunƙasa noma na Funtua a tsakiyar shekarun 1970, da rancen Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe. An baza malaman gona, an gina cibiyoyin sayar da taki da iri kusa da ƙauyuka, sakamakon binciken cibiyar nazarin noma ta Samaru ya riƙa isa gona ta hannun mutumin da manomi zai iya yi wa tambaya. Da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, farashi ɗaya na gwamnati ya ƙare. Tun daga nan labarin kuɗin masara da auduga ya koma hannun dillalai da direbobin da ke zirga-zirga tsakanin kasuwannin Dandume da Bakori.

Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001. A 2012, zamanin ministan noma Akinwumi Adesina, shirin tallafin manoma na GES ya fara aika wa manoman da aka yi wa rajista saƙon karɓar taki ta waya. Nan wata tsohuwar matsala ta sake bayyana: wanda ba ya cikin rajista, ko ya sauya lamba, ko ƙauyensa ba sabis, saƙo ba ya isa gare shi.

 

Yau mai shela yana nan a garuruwan yankin, sau da yawa da lasifika a hannu, ana kuma neman sa lokacin rigakafi da rajistar zaɓe. Ya kamata hukumomin noma na Jihar Katsina su riƙa sabunta rajistar manoma kowace damina tare da masu unguwanni, sannan duk saƙon da aka tura ta waya a maimaita shi a rediyo da bakin mai shela.