Dattawanmu na Hawata da Suka Riga Mu Gidan Gaskiya



Duk shekara idan ranar kafuwar ƙungiyarmu ta zagayo, mukan cika wannan takarda da lissafin asusu, da farashin riɗi da dawa, da halin da hanyar Gallabat take ciki. Bana kwamiti ya ga ya dace a ware shafi domin dattawanmu da suka rasu. Duk mai zuwa taro ya ga dalili da idonsa: tabarmar gaba, inda masu furfura ke zama, ta yi sarari. Waɗanda suka ji labarin tafiyar gabas daga bakin mutanen da suka yi ta da ƙafarsu sun kusa ƙarewa. In ba mu rubuta abin da suka gaya mana yanzu ba, 'ya'yanmu za su gaji shaguna da ma'auni, amma ranar da aka tambaye su yadda aka yi Bahaushe ya zauna a bakin kogin Rahad, sai su sunkuyar da kai.

Ba za mu jera sunaye a nan ba, don kada a tsallake wani iyalinsa su ji ba daɗi. Za a karanta su ɗaya bayan ɗaya a wajen addu'a ranar taro.

Hanyar da ta kawo iyayensu

Hanyar hajji ce ta kawo kakanninmu, kuma ta girmi zuwan Turawa nesa ba kusa ba. Mutanen yamma, waɗanda ake kira Takari ko Takarir a wannan ƙasa, sun daɗe suna ratsa Borno da Wadai da Darfur zuwa Bahar Maliya. Tun a ƙarni na 19 garin Gallabat mazaunin Takarir ne, kuma su ke riƙe da kasuwar da ke haɗa Sudan da Habasha. A nan aka gwabza yaƙin 1889 tsakanin Ansar da Habashawa, inda Sarki Yohannes ya rasa ransa. Ke nan fataucin da muke yi yau ta Matamma gado ne, mun tarar da sawun na gaba a kan hanyar.

Babbar ƙaura ta zo ne a 1903. Turawan Ingila suka ci Kano a watan Fabrairu, suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya fita hijira ya nufi gabas, jama'a suka yi ta barin gonakinsu suna bin sa. Aka tare shi a Burmi, ya yi shahada ranar 27 ga Yuli na wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a har bakin Shuɗin Nilu, suka kafa garin da har yau ke amsa sunansa, kudu da Sinnar.

Bayan wannan ayari sai talakawa suka biyo, shekara bayan shekara. Wasu haraji ya koro su, wasu aikin tilas na Faransa a Damagaram da Maraɗi, wasu yunwa irin ta 1914 da ake kira Kakalaba. Amma duk wanda ka tambaya, amsarsa ɗaya ce: Makka za shi. Daga Kano sai Yerwa, sai Fallomi, wato Injamena ta yau, sai Abeshe, sai Jinaina, sai Fashir, sai Ubayyid inda ake samun jirgin ƙasa. Guzuri kan ƙare tun ba a yi rabin hanya ba. Sai mutum ya yada zango ya yi noman damina ɗaya, ko wanzanci, ko ga-ruwa, ko ɗinkin hula, in ya tara abin da ya tara ya ƙara gaba. Tafiyar da aka ƙiyasta wa shekara guda takan ci bakwai ko goma. An yi aure a hanya, an haihu a hanya, an binne iyaye a wuraren da ba wanda zai iya nuna su yau.

Abin da ya tsayar da su a Hawata

A 1925 aka gama madatsar ruwan Sinnar, gonakin audugar Jazira suka buɗe, suna neman hannu. Mahajjata suka tsaya tsinkar auduga don neman kuɗin jirgin ruwa daga Sawakin zuwa Jidda. Sannan layin dogo ya taso daga Kasala ya iso Gadarif a 1928, ya haɗe da Sinnar a 1929, Hawata ta zama tasha a kansa.

Wanda ya fito daga ƙasar Hausa ya ga wannan wuri, ya san abin da zai yi da shi. Rahad yakan sauko daga tsaunukan Habasha da damina, da rani ya yanke ya bar tafkuna cike da kifi, gaɓarsa kuma ta zama fadama. Masunta suka sa koma, 'yan lambu suka dasa albasa da tumatir da kuɓewa. Bayan gari ga baƙar laka mai karɓar dawa da riɗi, ga dajin ƙaro, ga tasha da za ta kwashe amfanin. Haka unguwanninmu suka tsiro a Hawata da Mafaza da ƙauyukan bakin kogi.

Duk da haka, da yawa cikin mutanen farko ba su yarda sun zauna ba. In ka ce wa tsoho ya gina ɗakin bulo, sai ya ce maka shi matafiyi ne, me zai yi da bulo. Wasu sun rasu a bukkar ciyawa da likkafaninsu da kuɗin jirginsu ɗaure a ƙasan akwati. Allah ya ba su ladan niyyarsu.

Dattawan da muka sani

Waɗanda muke tunawa yau 'ya'yan waɗancan ne. Galibinsu an haife su a shekarun 1930 da 1940, wasu a nan, wasu an goyo su. Sun yi karatun allo a halwa, daga nan sai kasuwa. Yaro yakan fara da tallan agashe ko goɗo-goɗo idan jirgi ya tsaya, ya koma dako, ya koma awo a gaban wani maigida. A hannunsu muka koyi cewa kaila goma sha biyu ke yin ardabi ɗaya, muka koyi gane riɗin da aka sheƙe da kyau da wanda aka cuɗa da ƙasa, da murza ƙwaya biyu a tafin hannu kawai.

Zamaninsu ne noma ya sauya. A tsakiyar shekarun 1940 aka fara noman tarakta a Gadambaliya, daga baya manyan gonaki suka mamaye ƙasar Gadarif. Riɗi kuwa ba ya jira, in ya nuna ba a yanke ba sai ya fashe ya zube. Don haka kowace kaka dubban 'yan ƙwadago ke shigowa, da yawansu daga Habasha. Dattawanmu suka shiga tsakani: su kai gari da busasshen kifi da man girki sansanin ma'aikata, su sayi amfanin ƙananan manoma su tara, su ɗora a lori zuwa kasuwar amfanin gona ta Gadarif. Masu ƙarfin zuciya suka zarce Gallabat da gishiri da albasa da sabulu, suka dawo da bunni da zuma da citta da tafarnuwa.

Ba su da banki, ba su da waya. Abin da suke da shi maigida ne a kowane zango. Ka sauka gidansa, ya ba ka masauki da abinci, ya ajiye maka kaya, ya nemo mai saye, ya tsaya maka in rigima ta taso, ya ɗauki la'adarsa. Da damina laka takan rufe hanya wata da watanni, sai kayanka su kwana a hannun mutumin da ba ku da takarda tsakaninku, rani ya yi ka je ka tarar da buhunanka cif. Wannan amana ita ce jarin da aka kafa ƙungiyar nan a kai.

Sun ga kuɗi ya canza a hannunsu sau da yawa. Sun fara da fam ɗin Masar, aka kawo fam ɗin Sudan a 1957, aka koma dinari a 1992, aka sake dawowa fam a 2007. Har suka rasu wasunsu da tsohon lissafi suke ciniki, sai yaran shago su fassara. Sun ga farin 1984 da 1985, lokacin da ake kiran dawar agaji da sunan Rigan, shugaban Amurka. Akwai waɗanda suka buɗe rumbunansu a wannan shekara suka ba da bashin da suka san ba za a biya ba.

Kowannenmu yana da wanda yake tunawa. Akwai Baban da ke rubuta bashi da ajami a wani ɗan littafi mai bangon fata. Da ya ji ciwo ya yi nauyi sai ya kira babban ɗansa, ya sa shi ya karanta masa sunaye, duk wanda ya san ba shi da hali ya ce a ja layi a kai. Akwai Kawun da ke ciniki da Hausa da Larabci da Fulatanci da Amharanci, ba a taɓa jin ya ɗaga murya a bakin iyaka ba. Akwai Alhajin da ya sauke farali yana da shekara saba'in da wani abu, ya kuma sake komawa ya yi wa mahaifinsa, wanda ya baro ƙasar Katsina da wannan niyya bai kai ba. Akwai wanda ya je neman gidan kakansa a ƙasar Kano, tsofaffin garin suka gane shi ta zanen fuskarsa, suka ba shi gona suka ce ya zauna. Ya yi wata biyu ya ce musu 'ya'yansa da kabarin uwarsa suna bakin Rahad, ya dawo.

Mutane ne, ba a rasa saɓani a tsakaninsu. Babbar muhawararsu ita ce ta shel, wato ba manomi kuɗi ko hatsi da damina a karɓi amfaninsa da kaka a farashi mai rahusa. Wasu sun yi arziki da shi. Wasu, tare da malamai, sun ce cin gumin mai rauni ne, suka ƙi taɓa shi har suka mutu. Maganar ba ta mutu ba, tana nan a kasuwarmu, kuma ya kamata mu gaya wa matasa cewa an yi masu ƙin.

Maganar takardar ɗan ƙasa

Abin da ya fi ci musu rai shi ne jinsiyya. Dokar 1957 ta ɗaure zama ɗan ƙasa da cewa kakannin mutum suna nan tun ƙarshen 1897. Mutumin da aka haifa a Hawata, ya yi noma ya biya haraji a Hawata, sai a ce ya kawo shaidu. Ba takarda, ba lasisin ciniki mai ƙarfi, ba babbar gona, ba fasfo. An sassauta dokar daga baya, amma tabon bai goge ba. Mun ga yadda ya motsa a 2008, da wata jarida ta jingina wa shugaban ƙasa na lokacin maganar cewa Hausawa ba 'yan ƙasa ba ne, aka yi zanga-zanga a Gadarif. Mun sake gani a watan Yulin 2022, da rikicin jihar Shuɗin Nilu ya ci rayukan 'yan uwanmu. A irin waɗannan ranaku dattawan nan ne ke zaunar da samari, su kuma tafi wajen shugabannin maƙwabta a yi magana, domin sun san gobe a kasuwa ɗaya za a haɗu.

Ƙarshen rayuwar wasunsu ya faɗo cikin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023. Da Wad Madani ta faɗi a ƙarshen wannan shekara, sannan Sinja da Dindir a tsakiyar 2024, jama'a suka kwararo ta wajenmu. Tsofaffin da iyayensu suka zo baƙi suka ce a buɗe zaure a ɗora tukunya. Wasu sun rasu a wannan tsakani, magani ya yanke, 'ya'ya sun warwatsu, jana'izar da da za ta cika fili ta zama ta sahu biyu.

Abin da muke roƙon membobi

Na farko, kowane gida ya rubuto sunan mahaifi da na kaka, garin da aka fito, hanyar da aka bi, sana'ar da aka yi, da inda aka binne su. A kawo wa sakatare kafin taron baɗi, da boko ko da ajami ko da Larabci. Masana sun yi nasu. Farfesa Al-Amin Abu-Manga, ɗan Mai Wurno, ya wallafa littafi a 1999 kan yadda Hausar Sudan ke cuɗanya da Larabci. Amma sunan kakanka ba ya cikin littafin kowa sai ka rubuta shi.

Na biyu, dattawan da suka rage, maza da mata, a je a gaishe su, a nemi izininsu a naɗi hirarsu a waya. Iyayenmu mata sun fi riƙe sunayen zango da na dangi, kuma shafinsu na nan tafe in Allah ya kai mu.

Na uku, duk wanda ya san akwai bashin mamaci a kansa, ko ajiyar da ba a rubuta ba, ya kai wa magada ko ya sanar da kwamiti a asirce. Wanda kuma yake bin mamaci ya zo a daidaita, ko ya yafe don Allah.

Na huɗu, kason zawarawa da marayun membobi a asusu ya yi ƙasa, farashin dawa kuwa kowa ya sani. A dubi wannan a taron bana.

Allah ya jiƙan iyayenmu da kakanninmu, waɗanda suka isa Makka da waɗanda suka kwanta a hanya. Allah ya haskaka kaburburansu, ya yafe musu kurakuransu, ya albarkaci bayansu. Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya, ya buɗe hanyoyi. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.