Tarihin birnin Lahore a taƙaice

Lahore shi ne babban birnin lardin Punjab na Pakistan, kuma na biyu a girma a ƙasar bayan Karachi. Ƙidayar shekarar 2023 ta nuna cewa mazaunansa sun haura miliyan 13.

Kamar Kano, tsohon birnin ganuwa ce ta kewaye shi, mai ƙofofi 13, ko da yake Turawa sun rushe akasarinta.

Lahore ya yi tashe ne a zamanin daular Musulunci ta Mughal. Sarki Akbar ya mai da shi fadar mulkinsa a ƙarshen ƙarni na 16, jikan ɗansa Aurangzeb kuma ya gina katafaren Masallacin Badshahi, wanda aka kammala a 1673.

Masallacin ya ga sauyin zamani. Bayan da Ranjit Singh, jagoran mabiya addinin Sikh, ya kama birnin a 1799, dakarunsa sun mai da harabar wurin ɗaure dawaki. Turawan Ingila sun karɓe mulki a 1849, shekaru 54 kafin su ci Kano.

A Lahore ne jam'iyyar Muslim League ta Muhammad Ali Jinnah ta zartas da ƙudurin neman ƙasar Musulmi a watan Maris na 1940.

Da aka raba Indiya a 1947, birnin ya faɗo cikin Pakistan, dab da sabuwar iyaka. An zubar da jini matuƙa. Kusan dukkan 'yan Hindu da Sikh suka tsere, Musulmi 'yan gudun hijira daga gabashin Punjab suka maye gurbinsu.