Hoton MRI na gudanar jini a zuciyar yara

Hoton MRI na gudanar jini a zuciya wani bincike ne na asibiti da ake yi domin a ga ko tsokar zuciya tana samun isasshen jini. Na'urar tana aiki da maganaɗisu mai ƙarfi, yawanci Tesla 1.5 ko 3, tare da igiyoyin rediyo. Ba ta fitar da radiyeshan irin na eksire ko CT, shi ya sa ake fifita ta ga yara, musamman waɗanda za a riƙa dubawa shekara da shekaru.

Tarihi

Paul Lauterbur na Amurka ya wallafa hoton MRI na farko a 1973. Shi da Peter Mansfield na Ingila sun samu kyautar Nobel a 2003 saboda wannan aiki.

Yadda ake yi

Ana sa wa yaro allura a jijiyar hannu, a ba shi adenosin, maganin da ke buɗe jijiyoyin da ke ciyar da zuciya kamar yana gudu. Daga nan a zuba sinadarin gadoliniyam, na'urar ta riƙa ɗaukar hoto a kowane bugun zuciya. Wurin da jini ya isa sosai yana haske, wurin da jijiya ta matse kuma yana fitowa da duhu. Wata dabarar tana auna yawan jinin da ke tafiya huhu, a kwatanta da wanda ke tafiya sauran jiki.

Amfani

Kimanin jariri 1 cikin 100 ne ake haifa da matsalar zuciya. Ana yin wannan hoto ga yaran da cutar Kawasaki ta taɓa wa jijiyoyin zuciya, da waɗanda aka haifa jijiyoyin sun fito daga inda bai dace ba, da kuma waɗanda aka yi wa tiyatar zuciya. Sakamakon yana taimaka wa likita ya yanke shawara ko tiyata ta zama dole.

Matsaloli

Binciken yakan ɗauki kusan awa guda, kuma dole yaro ya kwanta ba motsi, don haka ƙanana sukan buƙaci maganin barci. Adenosin na iya tayar da asma, gadoliniyam kuma na da haɗari ga mai ciwon ƙoda mai tsanani. Ana tambayar iyaye ko akwai ƙarfe a jikin yaron.

A Sakkwato

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana karɓar marasa lafiya daga Sakkwato, Kebbi, Zamfara da Jamhuriyar Nijar. A nan, kamar sauran asibitocin koyarwa na Najeriya, hoton eko ne matakin farko na duba zuciyar yaro, domin ya fi araha da sauri. Da shi ake gano huji a zuciya da lalacewar ƙofofinta bayan ciwon maƙogwaron da ba a yi wa magani ba. Ana neman MRI ne idan eko bai ba da cikakkiyar amsa ba.