Kofin Emirates

Kofin Emirates gasar ƙwallon ƙafa ce ta share fagen kakar wasa, wadda ƙungiyar Arsenal ke shiryawa a filinta na Emirates da ke arewacin Landan, Ingila. Kamfanin jiragen sama na Emirates, mai hedikwata a Dubai, shi ke ɗaukar nauyinta. An fara buga ta ranakun 28 da 29 ga Yulin 2007, inda Arsenal ta karɓi baƙuncin Inter Milan da Paris Saint-Germain da Valencia, kuma ta lashe kofin.

Da farko ƙungiyoyi huɗu ke fafatawa cikin kwana biyu, kowacce wasa biyu. An kuma riƙa ba da ƙarin maki ɗaya kan kowace ƙwallo da aka zura a raga. Wannan tsari ne ya sa Arsenal ta ɗaga kofin a 2017, duk da cewa Sevilla ta doke ta 2-1 kuma ta ci wasanninta biyu.

Ba a yi gasar a 2012 ba saboda wasannin Olamfik na Landan. A 2013 Galatasaray ta lashe kofin bayan Didier Drogba ya ci Arsenal ƙwallo biyu. A 2019 aka mayar da ita ta yini guda.