Wa Ke Riƙe da Mabuɗin Gidan Haya? Tarihin Fayil ɗin Saitin Apache

A tsakiyar 1994, Rob McCool ya bar cibiyar NCSA ta Jami'ar Illinois a Amurka, manhajar sabar da ya rubuta ta zama marainiya. A lokacin ita ce kan gaba wajen miƙa shafukan intanet ga masu nema. Masu amfani da ita suka shiga yi mata faci, kowa a gefensa, har zuwa Fabrairun 1995 da mutum takwas, ciki har da Brian Behlendorf, suka haɗa facinsu wuri guda ta imel. Haka aka haifi Apache.

Sai dai faci ba ya zama ginshiƙi. A wannan shekarar Robert Thau ya sake ginin daga tushe: ƙaramar cibiya a tsakiya, sai sassa da ake ɗora mata, kowanne da aikinsa. Wani yana tantance mai shiga, wani yana rubuta rajistar baƙi, wani yana karkatar da adireshi. Siga ta 1.0 ta fito ranar 1 ga Disamba 1995, zuwa Afrilun 1996 kuwa Apache ta zama sabar da aka fi amfani da ita a duniya.

Wannan gini ya zo da tambaya: wa zai faɗi sashen da zai yi aiki, kuma don wa? Amsar tana cikin fayil na rubutu zalla. Apache ta gaji uku daga NCSA, wato httpd.conf, srm.conf da access.conf, aka dunƙule su cikin na farkon a 1999. Tun siga ta 1.3 a 1998, layi ɗaya mai farawa da LoadModule ya isa a ɗora sabon sashe ba tare da sake harhaɗa manhajar ba.

Nauyin wannan fayil ya fito fili da kamfanoni suka fara zaunar da ɗaruruwan shafuka a kan na'ura ɗaya. Gidan haya ne sosai. Kowane shafi yana da ɗakinsa a fayil ɗin, ƙarƙashin kalmar VirtualHost, amma zaure da rijiya na kowa ne: duk umarnin da aka rubuta a wajen ɗakunan, kowane ɗaki zai gaje shi. Kuskuren maigida a layi ɗaya yana iya shafar dukan mazauna.

Don kada ɗan haya ya riƙa ƙwanƙwasa wa maigida ƙofa kan kowace buƙata, aka bar masa ƙaramin fayil mai suna .htaccess, umarnin AllowOverride kuma ya iyakance abin da zai iya sauyawa. 'Yancin yana da tsada, domin a duk buƙatar da ta shigo sai sabar ta bi manyan fayiloli ɗaya bayan ɗaya tana neman wannan takarda. Nginx, wadda Igor Sysoev ya fitar a 2004, ba ta ba da wannan dama ko kaɗan ba. Ita ma Apache, a siga ta 2.4 ta 2012, ta mayar da ƙofar a rufe sai maigida ya buɗe da hannunsa.

A Oktoban 2021 aka ga amfanin irin wannan tsantseni. An gano ɓaraka a siga ta 2.4.49 da ke ba ɓata-gari damar tsallake katangar shafi su karanta fayilolin na'urar. Gyaran farko bai toshe ta duka ba, sai da aka fitar da 2.4.51. Amma sabar da ke da layin Require all denied a kan tushen fayilolinta, kamar yadda saitin asali ya zo, ta tsira. Waɗanda suka sassauta layin don sauƙin aiki su ne suka kwana a buɗe.

Idan ma'aikatarku tana da shafin intanet, akwai irin wannan fayil a wani wuri, kuma akwai mai ikon taɓa shi. Ya dace shugabanni su san ko wane ne, da kuma ranar da aka karanta fayil ɗin na ƙarshe.