Yadda ake gano tarihin mutum daga lambar yabon da ya bari

A gidajen tsoffin ma'aikata da masu sarauta a ƙasar Sakkwato, akan tsinci wata 'yar lamba ta azurfa ko tagulla a ƙasan adaka, ɗauke da hoton kan Sarkin Ingila.

Sau da yawa jikoki ba su san abin da kakansu ya yi aka ba shi ita ba. Wasu lambobin ma sun bar gida, sun faɗa hannun masu tara kayan tarihi, waɗanda kan saye su a wuraren gwanjo a Birtaniya.

Abin da lambar ke faɗa

Matakin farko shi ne duba gefen lambar, inda akan zana sunan mai ita.

Lambar Imperial Service Medal, wadda Sarki Edward na Bakwai ya ƙirƙiro a 1902, tana ɗauke da suna. Ana ba da ita ne ga ƙananan ma'aikatan gwamnati idan za su yi ritaya, galibi bayan shekara 25 suna aiki ba tare da tabo ba. Haka ma British Empire Medal, wadda aka soma bayarwa a 1922.

Amma MBE ba ta da suna, haka nan lambobin bikin naɗin sarauta na 1937 da 1953. Irin waɗannan idan suka rabu da takardar shaidarsu, da wuya a sake gane mai su.

Hoton da ke jiki kuwa yana nuna zamani. George na Biyar ya yi sarauta daga 1910 zuwa 1936, George na Shida daga 1936 zuwa 1952, sannan Sarauniya Elizabeth. A lambobin George na Shida, idan rubutun Latin ɗin bai kira shi sarkin Indiya ba, to an buga lambar ne bayan Indiya ta sami 'yanci a 1947.

Matsalar suna

A nan ne aikin ya fi wuya, musamman a wurare irin Boɗinga da Shagari.

'Yan bokon farko a Arewa sun saba ɗaukar sunan garinsu a matsayin suna na biyu tun daga makaranta. Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a 1925, sunan mahaifinsa Aliyu, Magajin Shagari, amma da sunan garin duniya ta san shi. Haka ma Makaman Sakkwato Sani Dingyaɗi, wanda garinsu ke cikin ƙaramar hukumar Boɗinga.

Saboda haka, ganin Shagari ko Boɗinga a gefen lamba bai nuna zuriya ba, gari kawai ya nuna. Mutum biyu da ba su haɗa komai ba suna iya amsa suna ɗaya, har su yi aiki a ma'aikata ɗaya.

Ga kuma rubutun Turawa, waɗanda kan rubuta suna guda ta hanya biyu ko uku: Muhammadu a wannan takarda, Mamman ko Momodu a waccan. Mai sarauta kuwa akan ambace shi da sarautarsa kawai, alhali sarauta tana wucewa daga wannan zuwa wancan.

Iyakokin mulki ma sun sauya. Mai neman ɗan Shagari a takardun zamanin Turawa sai ya duba ƙarƙashin gundumar Yabo, domin a lokacin Shagari na ƙarƙashinta. A Yabo ɗin ne ma Shehu Shagari ya yi makarantar elemantare, kafin ya wuce Midil ta Sakkwato.

Inda takardu suke

Jaridar gwamnatin Birtaniya, London Gazette, wadda ake bugawa tun 1665, tana wallafa sunayen waɗanda aka karrama a sabuwar shekara da ranar bikin haihuwar sarki ko sarauniya. Ana iya bincika tsoffin fitowarta a intanet kyauta. Sai dai abin da za ta bayar bai wuce suna da muƙami ba, wani lokaci layi ɗaya tak.

Dalilin karramawar yana cikin wasiƙar da Razdan ko Di'o ya rubuta yana ba da shawara. Fayilolin lardin Sakkwato na wancan zamani suna gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, yayin da wasiƙun da gwamna ya aika London ke Kew, a Ingila.

Ya kamata a bambanta ma'aikacin gwamnati da ma'aikacin En'e. Malamin haraji ko na asibiti da ya yi aiki ƙarƙashin En'e ta Sakkwato, a takardun masarauta za a fi samun labarinsa. A nan Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato da Arewa House da ke Kaduna za su yi amfani. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, ita ma takan kawo labarin ba da lambobi.

Bayan 'yancin kai, dokar 1964 ta kafa lambobin Najeriya na kanta, daga GCFR da GCON har zuwa MFR da MON, kuma jaridar gwamnatin tarayya ce ke ɗauke da sunayen.

Duk da haka, takarda ba za ta faɗi wace ce matar mutum ko wane malami ya karantar da shi ba. Wannan sai a bakin dattawan unguwa da marokan fada, kuma wanda ya yi wayo lokacin da Sarauniya Elizabeth ta ziyarci Najeriya a 1956, a yau ya kai shekara tamanin ko ya kusa.